Yadda ake haɗa turaren da zai kai yamma a Legas

Ƙanena, idan za ka shiga sana'ar turare a garin nan, ka sani zafi da gumi ne ke yanke maka hukunci. Mutum ya fesa da safe a Agege, ya hau danfo zuwa Obalende. Idan ƙamshin ya gudu a hanya, ba zai sake tsayawa a teburinka ba.

Fara da man turare. Ni a Balogun da Trade Fair nake sarowa. Kada ka shinshina a bakin kwalba ka biya. Ɗiga a bayan hannunka, ka zaga kasuwa kamar awa guda, sannan ka sake ji.

Ƙamshi hawa uku ne. Na sama, irin lemo, shi ke fara dukan hanci, shi ke fara tashi. Na tsakiya su ne wardi da yasmin. Na ƙasa kuwa, miski da sandal da oud da ambar, su ke kama tufafi su kwana. A nan nake sakin hannu, ko da ya ci kuɗi.

Kwalbar feshi mai mililita (mil) 50, zuba man turare mil 10 da itanol (sinadarin barasa da ake narka man a ciki) mil 40, wato man ya zama kashi 20 cikin 100. Da sirinji ake awo, ba da ido ba. Itanol ɗin ya zama na turare, mai ƙarfin kashi 96. Duk arahar metanol, wani sinadari mai kama da itanol, kada ka taɓa shi, guba ne. Kada ka ƙara ruwa don ya yi auki, gurɓacewa zai yi.

Rufe, girgiza, ka ajiye a duhu inda ba zafi, sati 2 zuwa 4. Nan ne yawancin yara ke gazawa. Su haɗa yau su fitar gobe, mai saye ya ji warin itanol zalla. Abin yana min ciwo, wallahi.

Dattawanmu da yawa ba sa son na feshi saboda itanol. Su sai ka tsinka musu man da DPG, wani ruwan sinadari mai ɗan kauri da ake sirka turare da shi, ka ɗura a 'yan kwalabe na shafawa masu mil 3 ko 6. Ranar Juma'a a bakin masallaci waɗannan ne ke tafiya.

Kada ka shanya kaya a rana, gwaji kawai ka fitar. Kada kuma ka manna sunan kamfanin wani a haɗinka. Sa naka, kuma kafin ka fara kai wa shaguna, je ka yi rajista da NAFDAC.