Yadda ake lissafin ƙarfin lanƙwasa a bim mai kafaffun bakuna biyu

Duk wanda ya san aikin gini a Legas, ko ɗaurin rodi yake yi a Agege ko karatun injiniya a Yaba, ya san bim ɗin da ake zubawa tare da fila. Bakunansa biyu a kafe suke, ba sa juyawa. Idan nauyi ya sauka a wuri ɗaya a kansa, kamar ƙaramin bim da ya hau babba, lissafinsa ba ɗaya ba ne da na bim ɗin da aka ɗora bisa bango kawai. Abin da ke damuna shi ne masu koyo da yawa tsakiya suke zuba wa ido, alhali sau da yawa wahalar tana gindin fila.

Da farko zana bim ɗin a takarda. Bakin hagu A, na dama B, tsawonsa L, nauyin P. Tazarar nauyin daga A ita ce a, daga B kuma b. Mu ɗauki bim mai mita 6, nauyin 30 kN (kilonewton, ma'aunin ƙarfi), ya sauka mita 2 daga A. Ke nan a = 2, b = 4. Kafin ka ci gaba, tabbatar ka ninka nauyin da adadin kariya. A tsarin BS 8110, ƙa'idar Birtaniya ta ginin kankare da injiniyoyinmu suka saba da ita, 1.4 ne ga nauyin ginin kansa, 1.6 ga nauyin da ke zuwa ya tafi. A nan mun ɗauka an riga an ninka.

Sai ƙarfin lanƙwasa a bakunan, MA a bakin A, MB a bakin B:

MA = Pab²/L² = 30 × 2 × 16 ÷ 36 = 26.67 kNm
MB = Pa²b/L² = 30 × 4 × 4 ÷ 36 = 13.33 kNm

Nan ake yawan rikicewa, a musanya a da b. Ka riƙe wannan: bakin da nauyi ya fi kusa da shi, shi ya fi ɗaukar wahala. In lissafinka ya nuna akasin haka, koma baya.

Daga nan nemo abin da kowace fila ke tallafa, RA a A, RB a B. RA = Pb²(3a + b)/L³, wato 22.22 kN. Cire shi daga 30, RB ya zama 7.78 kN.

Ƙarfin lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin kuwa, ninka RA da a, ka cire MA: 44.44 − 26.67 ≈ 17.78 kNm. Don samun natsuwa gwada da 2Pa²b²/L³, amsa ɗaya za ka samu.

Yanzu dubi abin da lambobin ke faɗa. Da a ce ɗora bim ɗin aka yi kawai, ƙarƙashin nauyin zai kai Pab/L, wato 40 kNm. Kafewar ta rage shi zuwa 17.78, amma ta tura 26.67 zuwa bakin A. A can saman bim ne ke miƙewa, ba ƙasansa ba, kuma kankare ba ya jure ja. Saboda haka rodin sama a gindin fila ba ado ba ne, dole ya shiga cikin filar ya kama sosai. Malam mai ɗaurin rodi, don Allah kada a datse shi a bakin fila don a rage ƙarfe.

In nauyin a tsakiya yake cif, abin da sauƙi: PL/8 a bakunan da kuma tsakiya. In nauyi biyu ne ko uku, lissafa kowanne shi kaɗai ka tara, ka ƙara da nauyin bim ɗin kansa, wL²/12 a kowane baki, inda w yake nufin nauyin kowace mita ta bim ɗin.

Wannan lissafi duk ya dogara ne a kan filolin ba su motsa ba. A wurare irin su Lekki da Ajah, inda ƙasa ke da laushi kuma an cike wurare da yashi, fila ɗaya na iya nutsewa fiye da 'yar uwarta. Bambancin nutsewar, Δ, yana jawo ƙarin 6EIΔ/L² a kowane baki (EI shi ne taurin bim ɗin wajen lanƙwasa), ko da ba a ƙara nauyi ba. A irin wannan fili, kai lissafinka tare da sakamakon gwajin ƙasa wajen injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba kafin a kira masu zuba kankare.