Yadda za ka karanci yaƙin da: fara da ruwa kafin takobi

Yawancinmu in muka ce muna son tarihin yaƙi, sunayen jarumai kawai muke haddacewa da wa ya sare wa. Ni shawarata ka ɗauki yaƙi ɗaya tak ka bi shi a ƙasa, misali Hiɗɗin, 4 ga Yuli 1187, tsakanin Sarkin Musulmi Salahuddin da 'yan Salibiyya, wato mayaƙan Kiristocin Turai.

Kafin ka buɗe kowane littafi buɗe Google Maps, ka nemo Nazarat, Saffuriya na nan kusa da ita, sai tafkin Ɗabariyya ta gabas. Yanzu tambayi kanka ina ruwa yake. Sarki Guy, sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus, yana zaune lafiya lau da rundunarsa a Saffuriya inda akwai idon ruwa, Salahuddin ya je ya kewaye garin Ɗabariyya don ya janyo shi, Raymond na Tarabulus, ɗaya daga cikin manyan 'yan Salibiyya, ya ce kada a motsa duk da matarsa na cikin garin, amma ba a ji ba, ranar 3 ga wata aka kama hanya cikin tsakar zafi, maharban Salahuddin a kan dawaki suna ta yi musu ruwan kibiya, suka kwana babu ruwa, aka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta hayaƙi ya turnuƙe su ga tafki suna hange ba damar kaiwa. Wallahi in ka gane wannan ka gane yaƙin tun kafin a zare takobi.

Daga nan sai ka koma wa marubuta, kuma kowanne ka bincika yana ina ranar. Imaduddin al-Isfahani sakataren Salahuddin ne, yana tare da rundunar, shi kuwa Ibn Shaddad sai 1188 ya shiga hidimar Salahuddin, ka ga ji ya yi. Karanta na Turawan ma ka gwada, inda suka haɗu ka riƙe da kyau. Lissafin sojoji kam kada ka haɗiye shi haka nan, kowa na ƙara gishiri.

Sannan ka rubuta abin da ya biyo baya da kwanan wata, bayan nasarar Salahuddin Ƙudus ta miƙa masa wuya 2 ga Oktoba, wata uku ke nan.

In hawan sallah ya zo ka matsa kusa da 'yan sulke, ka dubi gumin da ke zuba ƙarƙashin kwalkwali da kumfar bakin doki bayan awa biyu kacal, sai ka lissafa yini da kwana a haka ba ko kurɓi.