Yadda zaka sa laftof ɗinka ya riƙa yin netwok irin na ƙauye kafin ka saki manhaja

'Yan uwa masu haɗa manhaja, musamman masu yi wa 'yan POS da 'yan kasuwa, gwajin da kuke yi a kan wayifai mai ƙarfi a cikin birnin Kano wallahi ba gwaji bane. Wanda zai yi aiki da abin yana Maigatari ran Alhamis, kasuwar shanu ta cika maƙil kowa da waya a hannu, alamar saman waya ta sauko ta koma E (wato EDGE, netwok ɗin 2G), ya danna tura ya ji shiru ya sake dannawa, ga mai kuɗi tsaye a kansa yana cewa malam an cire min fa. Wannan yanayin shi ya kamata ka kawo kan teburinka, kuma Linux na da kayan aikin kyauta, sunansa netem, Stephen Hemminger ne ya rubuta shi, yana cikin kenel, wato zuciyar Linux, tun zamanin sigar 2.6.

Abin buƙata laftof mai Ubuntu ko danginta, da umarnin tc wanda yake zuwa cikin iproute2, yawanci yana nan tun farko. Fara buga ip link ka ga sunan katin netwok ɗinka, ni zan riƙa cewa wlan0, kai ka sa naka. Sai ka buga:

sudo tc qdisc add dev wlan0 root netem delay 400ms 150ms distribution normal loss 3% rate 200kbit

Ma'ana kowane faket, wato ɗan ƙullin bayanai da ake turawa a netwok, zai yi jinkirin milisakan 400, wani ya ɗara wani ya gaza da kamar 150, uku cikin ɗari su ɓace a hanya, gudun kuma a matse shi zuwa kilobit 200 wanda kusan shi ne iyakar abin da E ke bayarwa idan ta yi kirki. Yi ping, umarnin da ke auna lokacin zuwa da dawowar faket, ka gani da idonka. Idan ya ce maka bai san wannan qdisc ɗin ba, wato tsarin layin faket, to gwada sudo modprobe sch_netem, a Fedora kuma sai ka saka kernel-modules-extra tukunna. In zaka sauya lambobi sai ka sa change a wurin add, in ka gama kuma sudo tc qdisc del dev wlan0 root. Don Allah kada ka yi wasan nan a sabar da kake shiga ta SSH daga nesa, ka sa loss mai yawa ka kulle kanka a waje.

Wurin da mutane da yawa suke ruɗewa shi ne netem abin da ke FITA daga katin kawai yake taɓawa, mai shigowa baya ganinsa. Shi yasa in ka ɗora shi a kan lo, katin da kwamfuta ke magana da kanta ta cikinsa, zaka ga ping ya ninka biyu, don tafiya da dawowa duk ta nan suke fita. Dabarar da nafi so ita ce ka mai da laftof ɗin hospot, wayar gwaji ta hau kansa, ka ɗora netem a katin wayifai ɗin, kaga duk abin da wayar ke saukewa ya bi ta cikin matsi. Ɓangaren abin da wayar ke turawa kuwa sai an zagaya da shi ta katin bogi mai suna ifb:

sudo modprobe ifb numifbs=1
sudo ip link set ifb0 up
sudo tc qdisc add dev wlan0 handle ffff: ingress
sudo tc filter add dev wlan0 parent ffff: protocol ip u32 match u32 0 0 action mirred egress redirect dev ifb0

sannan ka ɗora netem a kan ifb0 kamar yadda muka yi a sama.

Amma fa loss 3% ɗin nan yafi netwok ɗinmu ladabi. Shi ɗaya-ɗaya yake zubarwa nan da can, TCP, tsarin da ke tabbatar da saƙo ya isa, ya sake turawa a wuce wurin, alhali namu a kauyukan Jigawa yakan ɗauke ne gaba ɗaya na ɗan lokaci ya dawo. Don haka ka gwada loss gemodel 2% 20%, wannan yana da hali biyu, mai kyau da mara kyau, in ya faɗa mara kyau sai ya zubar da faket a jere, kamar biyar a matsakaici, kafin ya farfaɗo. Sannan gwajin da nake ganin yafi kowanne, ka danna biya a manhajar, nan take ka sa loss 100% a ɓangaren da amsa ke dawowa na sakan ashirin, sai ka cire. Sabar ta karɓi kuɗi, waya bata ji amsa ba. Me manhajarka ta nuna? Idan ta bari a sake turawa babu wata lamba ta musamman da sabar zata gane cewa cinikin ɗazu ne, to ka cire wa bawan Allah kuɗi sau biyu, kuma mai POS ɗin ne zai sha faɗan ba kai ba.

To yaya akayi tc ya gaya wa kenel duk wannan? tc ɗin shi kansa baya taɓa faket ko ɗaya, manhaja ce ta yau da kullum a ɓangaren mai amfani. Kamar baƙo ne a zaure, baya kutsawa cikin gida, yaro ake aikawa da saƙo a dawo masa da amsa. Ɗan aiken nan shi ne netlink. Buga sudo strace -e trace=network tc qdisc show zaka ga ya buɗe soket AF_NETLINK na NETLINK_ROUTE, ya yi sendmsg ya jira amsa. Lokacin add saƙon da yake turawa sunansa RTM_NEWQDISC, cikinsa akwai jinkiri da loss da sauransu. Kenel kuma baya yarda da adireshin da manhaja ta miƙo masa haka kawai, kwafe bayanan yake yi zuwa nasa wurin da irin su copy_from_user, in zai mayar kuma copy_to_user, saboda manhaja ɗaya mai kuskure kada ta durƙusar da kwamfutar duka. Abin da ya burge ni ma shi ne distribution normal ɗin nan da muka rubuta, tebur ne na lambobi da aka riga aka lissafa a fayil mai suna normal.dist, tc ne ke karanta shi ya aika ta netlink, domin a cikin kenel ana gudun lissafin lambobi masu ɗigo, shi dai ya duba tebur ya ɗauka.

In kuma abin da kake so netem baya yi, misali ka kwaikwayi yadda netwok ke lafiya da safe ya lalace bayan azahar da kasuwa ta cika, ko dai ka rubuta ɗan sikirif mai buga tc change lokaci-lokaci, ko ka jawo faket ɗin waje ka riƙe su da hannunka ta TUN, wani katin bogi da ke miƙa faket ga manhaja. Manhajarka zata buɗe /dev/net/tun, ta yi ioctl na TUNSETIFF da IFF_TUN da IFF_NO_PI, daga nan duk read ɗaya faket ɗin IP ɗaya ne cur, ka jinkirta shi ko ka jefar yadda kaga dama, write kuma ya mayar da shi cikin kenel, da Python ma ana yi. Kowane faket sai an kwafe shi fita an kwafe shi komawa, shi yasa yafi netem nauyi, amma a kilobit 200 ko tsohon laftof bazai ji komai ba.

Kana gwaji ka riƙa leƙa tc -s qdisc show dev wlan0, zai nuna maka nawa suka wuce nawa aka zubar. Layin netem faket 1000 yake ɗauka in baka ce komai ba, a gudu ƙarami haka layin zai yi tsawo jinkiri ya wuce abin da ka sa nesa ba kusa ba, sai ka ƙara limit 50 a ƙarshen umarnin ka sake ping.