Yadda Iyali Za Su Shirya wa Bikin Yaye Ɗalibai a Kaduna

Bikin yaye ɗalibai ba yini ɗaya ba ne. A yawancin jami'o'inmu ana farawa da lacca ta musamman, da sallar Juma'a da addu'ar godiya a coci, sai gwajin shiga fili, kafin ranar da za a ba masu digirin farko nasu, sannan ranar masu digiri na biyu da na uku da na girmamawa. Abu na farko shi ne ɗalibi ya samo jadawalin daga tsangayarsa ko shafin makarantar, ya tabbatar da ranar da ta shafe shi. Ana samun iyalin da za su taso tun daga Birnin Gwari ko Saminaka su tarar ranar ɗansu jiya ce. A kuma sa ran cunkoso fiye da kima, domin yajin aikin malaman jami'a, irin na wata takwas da aka yi a 2022, ya sa makarantu da dama suna haɗa ɗaliban shekara biyu ko uku a biki guda.

Rigar yaye ita ce ke fara ba da wahala. A biya kuɗin hayarta da wuri ta hanyar da makaranta ta bayyana, a buga rasit kwafi biyu, a je karɓa tun ranar farko. Wanda ya bari sai jajibiri, abin da ya rage zai samu: riga mai jan ƙasa, ko hular da ba ta zama a kai. Kayan uku ne, riga da hula da ratayen kafaɗa mai launin tsangaya, kuma a duba su a gaban mai bayarwa, don kada a ɗora wa mutum yagewar da ya tarar. Yadin ba ya son wuta. A shimfiɗa farin ƙyalle a kai a goge da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, in ba haka ba ya yi ƙyalli ko ya narke. A tanadi fil mai makulli guda huɗu, biyu na riƙe ratayen a ƙirji don kada ya riƙa zamewa baya yana shaƙe wuya, biyu na ko-ta-kwana. Namiji ya sa kaftani mara nauyi a ciki, babbar riga ta jira walima. Mace ta yi ɗaurin ɗankwali mai kwanciya ko ƙaramin hijabi, domin hular ba ta hawa kan ɗauri mai tudu.

Duk shirin da ya rage a gina shi a kan dattawa. Su suka biya kuɗin makaranta shekara huɗu ko biyar, wasunsu kuma wannan ne karon farko da za su taka harabar jami'a. Katin gayyata ba ya isar kowa, galibi mutum ɗaya ko biyu yake shigarwa, don haka a yanke tun a gida cewa na Baba da Mama ne, sauran dangi su zauna a rumfar waje. Sannan a faɗa musu gaskiyar yadda abin yake, don kada su zauna suna jiran a kira sunan ɗansu. A babban taro ba a kiran masu digirin farko ɗaya bayan ɗaya. Shugaban tsangaya ne zai miƙe ya gabatar da ɗalibansa gaba ɗaya, su tashi tsaye, uban jami'a ya ce ya amince da su, su zauna. Masu daraja ta ɗaya da masu kyaututtuka ne kan hau dandamali. Takardar shaidar ma sau da yawa ba a ranar ake karɓarta ba. Ɗalibi ya ce, "Baba, idan kun ji an ambaci Tsangayar Kimiyya, ku duba ɓangaren dama, muna cikin waɗanda za su miƙe." Ya kuma samo musu littafin tsarin taro, ya ninke shafin da sunansa yake. Wannan shafin ne Mama za ta nuna wa maƙwabta idan an koma gida.

Masu zuwa daga nesa su kwana a gari. Wanda zai biyo jirgin ƙasa daga Abuja ya sayi tikitinsa da wuri, a kuma sa wanda zai ɗauke shi a tashar Rigasa. Na Kano da Katsina su sauka tashar motar Kawo. Idan a Jami'ar Jihar Kaduna ne, kan titin Tafawa Balewa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, a kasance a bakin ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi, domin da zarar ayarin gwamna ko na sarakuna ya tunkaro, jami'an tsaro kan tsayar da kowa. Idan a Jami'ar Ahmadu Bello ne, Zariya wajen kilomita 80 ce daga Kaduna, sai a fita bayan sallar asuba kafin hanyar Samaru ta cushe. Direba ya sauke dattawa kusa da fili, sannan ya nemi wurin ajiye mota daga nesa, ta gefen da za a fita. Motar da ta kutsa can ciki ita ce ta ƙarshen fitowa.

Kada a dogara da waya. Inda dubban mutane suka taru layi kan toshe, a yi ta kira ba ya shiga daidai lokacin da aka tashi. Tun ranar gwaji ɗalibi ya zaɓi wurin haɗuwa mai alama, wata bishiya a gefen ɗakin karatu ko bayan masallaci, ya ɗauki hotonsa ya tura wa kowa. A nan za a shimfiɗa tabarma biyu, a ajiye kujerun roba huɗu na dattawa, da buta, da darduma, da lema. Mutum ɗaya ba ya barin wurin ko da me ake ciki. Yara kuwa a rubuta lambar waya a takarda a sa musu a aljihu.

Sai abinci, inda aka fi tafka asara. Ga mutum hamsin, mudu biyar na shinkafa ya isa dafa-duka, da kaji bakwai idan an yanka kowace takwas, da ruwan leda jaka biyar, tunda kowace jaka guda ashirin ce kuma a rana kowa zai sha biyu. A ƙara robar abinci goma a kan lissafi, domin abokan ɗalibi da malamansa za su leƙo. Cefanen busassun kaya da robobi a gama shi kwana biyu kafin ranar a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kada a bar shi sai daren. Abin da ke lalata dafa-duka shi ne jira. An sauke ta da asuba, an rufe a robobi tana tururi, an jibga a bayan mota cikin rana, ba a buɗe ba sai ƙarfe biyu. Gumin da ya taru a murfi ya koma cikinta, sai ta yi yauƙi ta fara tsami. Maganinsa a juye ta da zafinta cikin babbar kula mai riƙe zafi, a zuba a robobi lokacin ci. Ɗanyen kabeji da albasa da kirim su zo daban, kada su taɓa shinkafar sai a gaban mai ci. Kunun aya ba ya jure wannan jiran, in babu ƙanƙara mai yawa a bar shi a gida a kawo zoɓo. Cincin da dambun nama da dabino su ne za su riƙe dattawa kafin a fito, musamman mai ciwon suga da bai kamata ya zauna da yunwa ba.

Hoto a ɗauke shi da safe kafin a shiga, lokacin riga ba ta yamutse ba, fuska ba ta yi gumi ba. Da hunturu ma haka, kafin ƙura ta hau kaya. Masu hoton nan-take za su ɗauka ba a sa su ba, su wanko su miƙo, don haka a yi ciniki tukuna, a kuma tsayar da mai hoto ɗaya.

Walimar gida ta fi daɗi bayan la'asar, an huta, an yi sallah, malam ya yi addu'a kafin a raba abinci. Samarin da ke son zagaya gari cikin jerin motoci suna leƙowa ta taga, a karɓe makullin daga hannunsu. Rigar kuma a cire ta kafin a zauna cin abinci, saboda manja yana da wuyar fita a wannan yadin. A ninke ta da hula da ratayen a leda ɗaya tare da rasit, a mayar cikin kwanakin da aka ƙayyade, a sa mai karɓa ya sa hannu a kwafin ɗalibi. Jinkiri kan jawo tara, wani lokaci ma a riƙe takardar shaidar mutum har sai ya kawo wannan sa hannun.