Yadda za ka ɗauko ƙarfe daga ƙasa bayan ka haura arba'in

A gasar ɗaga ƙarfe ɗagawa iri uku ake yi: ta tsuguno, ta kwance a benci, da ta ɗaukowa daga ƙasa. Rukunin manya daga shekara 40 yake farawa. Ga yadda ake ta ƙarshen, wadda ke cin ƙugun masu gaggawa.

Da farko, je a auna maka jini. Riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana sa jini ya hau, don haka mai hawan jini ya jira izinin likita.

Fito bayan asuba, kafin ranar Damagaram ta buɗe ido, ka motsa jiki na minti 10 har gumi ya tsatso.

Sandar gasa kilo 20 ce. Irin tamu ta unguwa kuwa, mai siminti a gwangwani, ka ɗora ta a sikelin masu hatsi tukuna. Na taɓa ganin wadda gefe guda ya rinjayi ɗayan.

Yanzu tsaya, ƙafafu daidai faɗin ƙugu, sandar bisa tsakiyar ƙafarka. Sunkuya ka kama ta, hannuwa a wajen gwiwoyi. Miƙe bayanka, kada ya lanƙwashe kamar na mai noma da hauya. Nan ake jin ciwo. Cika ciki da iska, ka riƙe, ka danna ƙasa da dugaduganka, sandar na gogar ƙwabri har ka miƙe tsaye. Saukar da ita ta hanyar da ta hau.

Yi sau biyar, ka huta minti uku, ka maimaita sau biyu. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, Malam, kada samarin Birni su zuga ka.