Yadda Na Rage Wa Digger Gudu

Digger wasa ne da kamfanin Windmill Software na Kanada ya fitar a 1983: ƙaramar motar haƙa tana tona rami tana kwasar duwatsu masu daraja, dodanni na biye da ita. Na ɗora shi a DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta don a kunna tsofaffin wasanni, kafin in taɓa maɓalli dodo ya cinye ni. Launukan ma duk sun dagule.

Da farko na zargi fayil ɗin, na sake sauko da wani. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. An rubuta wasan ne don IBM PC mai gudun 4.77 MHz, kuma da saurin injin yake auna lokaci. Inji ya yi sauri, shi ma ya zabura.

Na riƙa danna Ctrl da F11 har gudun ya dawo daidai. Don kada in riƙa maimaitawa kullum, na buɗe fayil ɗin saitin DOSBox na rubuta cycles=fixed 300. Sannan na mayar da machine=svga_s3 zuwa machine=cga, launuka huɗu na asalin wasan suka fito tsaf.

Yanzu in jakar zinariyar da ke cikin wasan ta faɗo mini a ka, laifina ne.