Warin fitsarin kyanwa a ɗaki: ga abin da ke kore shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kyanwa a gida, musamman mu na Garwa da Marwa a Kamaru yanzu da damina ta kankama, ga shawara.

Kyanwa asalinta dabbar sahara ce, jikinta na tattalin ruwa, shi ya sa fitsarinta ke da kauri. Idan ya kwana, ƙwayoyin cuta sukan mai da shi amoniya, warin nan mai hawa kai. Na muzuru ya fi tsanani. Fitsarin yana kuma barin wani gishiri da ruwa ba ya narkarwa sosai, da ɗaki ya yi laima sai warin ya dawo.

Ku tsane wurin da tsumma, kar ku goga. Ku zuba ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ya jiƙu, ku sake tsanewa, sannan ku barbaɗa bikarbonat, farar hodar nan ta soda da ake sa wa cincin, ya kwana. Katifa ko darduma a shanya a rana har ta bushe ƙarau.

Don Allah kar a zuba jabel, wato ruwan bilic na faranta tufafi! Haɗuwarsa da amoniya na fitar da iska mai cutar da huhu, ga yara a ɗaki.

Idan kyanwar na yawan tsugunawa tana kuka, ku kai ta wurin likitan dabbobi da wuri.